Ajiyar da Ruwa Ya Rufe

Aikin da na fara yi a duniya shi ne gadin ƙafafun Kaka. Kuturta ta cinye mata yatsu tun kafin a haifi babana, ta bar ta da dungu hannu da ƙafa, ta kuma tafi da jin zafi gaba ɗaya, har ta kai ko garwashi ya faɗo mata sai dai wani ya ji ƙauri ya gaya mata. Ga ta kuma da son wuta kamar kyanwa. Lokacin ɗari, da an gama cin tuwo sai ta ja tabarmarta bakin murhu, a ƙara kara biyu uku, a zaunar da ni gefenta idona a kan ƙafafun nan. In ta matsa in ja ta baya, in ta sake matsawa in sake ja. Takan harare ni ta ce ba ta taɓa ganin ɗan doka mai majina ba sai a gidanmu. Ladan aikina kuwa tatsuniya ce, kuma ba ta taɓa cin hakkina ba.

Ƙauyenmu yana bakin gulbi ne a ƙasar Maradun. Ba zan kira sunansa ba, don ko na kira babu mai amsawa. A duk ƙauyen gidanmu kaɗai ne gidan Kirista, mutane na ce mana gidan 'yan mishan, ba da faɗa ba, kamar dai yadda za a ce gidan maƙera ko gidan masunta. Asalin abin shi ne Kaka, wadda sunanta Hannatu, da kakana Dauda sun haɗu a wani asibitin kutare na mishan, can wajen Sakkwato, kowannensu danginsa sun kai shi sun juya baya. A can suka warke, a can suka karɓi bangaskiya, a can aka ɗaura musu aure, sannan ya kawo ta ƙauyensu suka kama noma da guntayen hannuwansu. Kaka takan ce duk duniya mutum ɗaya ne ya taɓa cin tuwo kwano ɗaya da ita bai duba hannunta ba.

Ban san kakana Dauda ba sai kabarinsa. Da ya rasu an rasa inda za a sa shi, tunda ba za a kai shi makabartar gari ba, ga babana Iliya a lokacin saurayi ne shi kaɗai. Maƙwabcinmu Malam Ummaru mahauci, wanda ke kora shanu kasuwar Talata Mafara, shi ne ya ɗauko dagi ba tare da ya yi shawara da kowa ba, ya ce gawa ba ta jiran gardama. Shi da babana suka haƙa rami a kan gonarmu, gindin wata kanya, inda tudu ya fara gangara zuwa fadama. Kaka ta sa aka bar fili a gefen dama, daidai tsawonta.

Kowace Lahadi da yamma takan matse tsintsiya tsakanin dungunta biyu, ta share kabarin, ta share filin nan na gefe har ya fi tsakar gidanmu tsabta. In na tambaye ta me take sharewa a inda babu kowa, sai ta ce ɗakinta ne, kuma macen kirki ba ta tarewa cikin shara. Ba ta da wani buri da ya wuce wannan. Ba ta son zane, ba ta son nama, ita dai a kwantar da ita kusa da Dauda.

Sai ga mutane sun fara zuwa da wani ƙarfe mai ƙafa uku suna leƙe ta cikinsa, suna kafa turaku. Aka ce za a ɗaure gulbi a Bakolori, a yi madatsar ruwa. Tsofaffi suka yi dariya, suka ce wa ya taɓa ɗaure gulbi, akuya ce? Ba a daɗe ba dariyar ta ƙare. Muna kwance muna jin rurin injuna daga nesa, manyan motoci suna ta kai da komo, ƙasa na rawa. Ran nan babana ya dawo daga gona bai ko wanke ƙafa ba ya zauna, ya ce an kafa turke mai jan fenti can sama da kanya, kuma an ce duk abin da ke ƙasa da turken nan ruwa ne zai hau kansa. Gidaje, rijiyoyi, makabarta, gonaki, duka. Za a kwashe mu a kai mu sabon matsuguni a kan tudu.

Babana mutum ne mai zafin nama, ba ya iya zama da baƙin ciki sai ya nema masa aikin yi. Nan da nan ya yanke shawara zai tone ubansa, ya naɗe abin da ya saura a sabon zane, ya tafi da shi. Ba don kansa ba, don Kaka. Ya san in aka bar Dauda a nan, burinta ya nutse ke nan. Ya je ya sami Malam Ummaru da maganar a zaure, ina laɓe ina ji. Malam Ummaru ya daɗe yana jan carbi kafin ya amsa.

“Iliya, ramin ga ni nig gina shi da hannuna. In kac ce a tone, ni ka riƙa maka dagi, ba ni barin ka kai ɗai. Amma raina bai so. Uwata da ubana suna can makabarta, kuma nan za mu barin su, mu da Allah.”

Babana ya ce nasu suna da yawa, suna tare da juna, nasa kuwa shi kaɗai ne a gindin itace. 

Kaka ta ji duk abin da ake ciki, amma ba ta ce a tone ba, ba ta ce a bari ba. Ta daina tatsuniya. Takan zauna bakin wuta ta zuba mata ido, in na ja ƙafarta ko harara babu. Gidan ya yi nauyi. Innata tana ta ɗaure kaya, babana yana ta gyara ƙotar dagi da ba ta lalace ba.

Ni kuma ina da tawa damuwar. Hajo, 'yar Malam Ummaru, ƙawata ce, kuma ita ce ta gaya mini a bakin rijiya cewa duk abin da ruwa ya rufe ya zama na mutanen ruwa, ba sa mayarwa, ko kwarya ce ta faɗa musu. Abin ya dame ni. Wata yamma muna zaune bakin murhu, babana na can gefe da daginsa, sai kawai na ji bakina ya tambaya: in ruwa ya rufe kaka Dauda, ranar tashin matattu ta yaya zai ji an kira shi? Innata ta kai mini hannu za ta make bakin, Kaka ta tare ta da dungunta. Ta dube ni, ta dubi bayan babana, ta gyara zama.

“Ga ta nan, ta biyo gulbi,” in ji ta. Haka take buɗe tata, ba irin ta kowa ba.

Na amsa da sauri, “Ta fito tudu mu ji ta.”

Ta ce wai a da can Ƙasa da Ruwa maƙwabta ne, kowa da iyakarsa. Ƙasa mace ce mai haƙuri, sana'arta ajiya. In ka ba ta iri ta riƙe maka, in ka ba ta gawa ta riƙe, ba ta tambaya, ba ta ci. Ruwa kuwa mai baki ne, kullum yana yawo yana faɗin shi ne ya fi kowa, tunda ba mai rai da zai kwana bai neme shi ba. Wata shekara Ruwa ya yi ƙiba, ya tsallake iyaka, ya zo ya zauna a kan Ƙasa ya miƙe ƙafa. Ya ce daga yau duk abin da ke ƙarƙashinsa nasa ne. To akwai wani tsohon manomi da aka ba Ƙasa ajiyarsa. Ƙasa ta ce wa Ruwa ya zauna in zama yake so, amma wannan mutum ba nata ba ne balle ta ba shi, mai shi zai zo. Ruwa ya yi dariya har ya yi kumfa, ya ce wane ne mai shi, kuma ta ina zai biyo?

Suka tafi neman mai raba gardama. Suka je wurin Dutse, ya ce shi dai ya fi su tsufa, amma abin da ya fara sani a duniya shi ne wata murya ta ce masa ya tsaya, ya tsaya, har yau bai motsa ba. Suka je wurin Iska, ta ce ita ba mai iya kama ta, amma ita ma kiranta aka yi ta zo. Rana ta ce ita kullum aike take yi, ba ta taɓa fitowa don ra'ayin kanta ba. Kowa aka tambaya sai ya ce Kalma ce ta kira shi, kafin kiran nan babu shi, babu labarinsa. Ruwa kaɗai ya kafe. Ya ce shi bai tuna wani kira ba, tun da yake haka yake.

A nan Kaka ta rage murya, ta shiga bakin Ƙasa. “Tac ce mai, Ruwa, ka yi hankali. Ni na san shi. Kalman nan da kaka ji, ya taɓa zama mutum, yay yi yunwa, yay yi ƙishi, anka kashe shi, anka kawo min shi ajiya kamar kowa. Nir rufe shi da kyau. Bai daɗe ba yat tashi yay yi tahiya tai, ko sallama ban samu yi mai ba. Tun ran nan nis san duk wanda ag gare ni, aro na.”

Suna cikin haka sai ga wani matafiyi ya iso bakin Ruwa, ƙafarsa duk ƙura, ya durƙusa ya ɗebi ruwa da tafin hannu ya sha. Ruwa ya ce wa Ƙasa, kin gani, ko wannan sai da ni. Matafiyin ya ɗago kai, ya kira Ruwa da sunansa na fari, sunan da aka kira shi da shi ranar da babu komai, wanda ba wanda ya sani sai mai kiran. Nan take Ruwa ya tuna. Ya yi tsit, kumfarsa ta kwanta, ya ja jiki gefe kamar bawan da ubangidansa ya tarar da shi a kan shimfiɗarsa. Matafiyin bai ɗaga murya ba, ya kira tsohon manomin nan, shi kuwa ya amsa, ya tashi ya fito, ko gefen zanensa bai jiƙe ba.

Ina jira ta rufe tatsuniyar yadda ta saba, ta ce ta koma inda ta fito. Ba ta rufe ba. Ta juya wajen babana.

“Iliya, aje dagin ga. Ubanka ya sha wahala da rai nai, ba a tada shi sai mai tada shi ya zo. Wanda yay yi ruwan shi ka kiran shi.”

Babana ya ce, “To ke fa, Inna? Ina za mu sa ki?”

Ta ce inda aka sa kowa. Babana ya tashi ya fita, muka ji shi bayan ɗaki yana kuka irin na manya, wanda ba ya fita sosai. Ni kuwa na ji daɗi a raina, na yi barci har da munshari, don a ganina an gama magana: kaka Dauda zai ji kira, mutanen ruwa sun sha kaye. Yaro man kaza.

Aka kwashe mu. Sabon wurin tsakuwa ce da jar ƙasa, ba inuwa, ba fadama, in ka shuka gero sai ya fito kamar yana jin kunya. Malam Ummaru ya sake zama maƙwabcinmu, amma shanunsa sun rasa makiyaya, ya sayar da na sayarwa, ya koma fawar awaki. 'Yan uwan innata da ke wajen Bakura suka aiko cewa su kuma ambaliyar da ke jiƙa musu fadama kowace shekara ta daina zuwa. Mu ruwa ya kore mu, su rashinsa ya kore su. An yi tashin hankali a ƙasar a shekarun nan, an yi rashe-rashe, amma ba labarinsa nake son bayarwa ba yau, masu shi sun fi ni saninsa.

Ruwan bai zo da gudu ba. A hankali ya riƙa hawa, yau ya ci wannan gona, gobe ya ci waccan. Da aka ce ya kai gonarmu, Kaka ta ce a kai ta ta gani. Babana ya ɗora ta a jaki, na bi su a ƙasa. Muka tsaya a kan wani tudu. Babu komai sai ruwa shimfiɗe har iyakar gani, da kan kanyar nan ya ɗan leƙo, tsuntsaye sun taru a kai. Ta duba, ta duba. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi addu'a da ƙarfi ba. Ta ce rana ta yi, mu koma. Daga ranar ba ta ƙara tambayar wurin ba, kuma Lahadi da yamma sai ta shige ɗaki ta kwanta ta juya wa ƙofa baya.

Ta ci gaba da ba mu tatsuniya jefi-jefi, ta gizo, ta kura, amma kamar mai biyan farilla. Jikinta ya riƙa zubewa. Wani gyambo ya kama ta a ƙafa, ba ta jin zafinsa, shi kuma bai fasa cinta ba. Damina biyu ta yi a sabon wurin. Da ɗari ya sake shigowa ba ta iya fitowa bakin murhu, sai a zuba garwashi a kasko a kai mata ɗaki, ni kuma in zauna gadi kamar da.

Wata yamma, ana kiran magariba a masallacin unguwa, ta kira sunana. Muryarta ta yi siriri.

“Rifkatu, kin taɓa nutsa kanki cikin gulbi?”

Na ce sau da yawa, ni da Hajo.

“In anka yi kira daga tudu, ana ji?”

Ban san abin da take nufi ba sai da na riga na amsa. Na ce ba a ji sosai, sai dai wani gunji-gunji, kamar ana magana a cikin tulu. Ta rufe ido har na zaci barci ya ɗauke ta. Can sai na ga hawaye na bin gefen idonta yana shiga kunne, ga shi ba ta da yatsan sharewa. Na share mata da bakin zanena. Tsoro ya kama ni, don ban taɓa tunanin Kaka na iya shakkar abin da ita da kanta ta faɗa ba.

Ta ce in ba ta tatsuniyar nan, ta Ƙasa da Ruwa. Na ce ai tata ce. Ta ce ta sani, so take ta ji ta daga bakin wani.

Na fara, ina tuntuɓe. Na manta Iska, ta tuna mini. Na sa Rana kafin Dutse, ba ta kula ba. Da na zo inda Ƙasa ke ba da labarin wanda aka kawo mata ajiya ya tashi, na ga leɓenta na motsi tare da nawa. Na kawo matafiyin, na sa ya sha ruwa, na sa Ruwa ya ja gefe. Na ce sai ya kira tsohon manomin nan. Ta ɗaga dungunta ta dafa gwiwata.

“Ba haka ba. Yana da suna. Ce Dauda.”

Na ce, sai ya kira, Dauda.

“Yac ce mi?”

Na ce ya amsa, ya ce na'am.

Ta sauke ajiyar zuciya, ta ce to, madalla, in ja kaskon baya kada in ƙone. Ba ta kai ƙarshen makon ba. Babana da Malam Ummaru suka haƙa mata a bayan sabon gidanmu, ƙasar na da tauri har dagi na tsalle, sai da aka yi ta zuba ruwa kafin ta haƙu. Ita kaɗai ce a wurin, kamar yadda shi ma yake shi kaɗai a can.

Na daɗe ina jin haushin abin. Da na girma na riƙa cewa da ta bar babana ya tone, da yanzu suna tare, da ba ta mutu da wannan tambaya a bakinta ba. Na ɗauka bangaskiyarta ce ta gaza a ƙarshe, kuma na ɓoye wa kowa abin da ya faru a ɗakin nan, don kada a rage mata daraja. Sai da na binne nawa, miji a wani gari, ɗa a wani, na gane ba haka ba ne. Daren da ta hana babana, ba don ba ta jin tsoron ruwan ba ne. Tana jin tsoronsa fiye da mu duka, kuma ta san abin da take bayarwa. Ta dai auna ne ta ga in har Kalmar da ta yi sama da ƙasa ba za ta iya ratsa ruwan Bakolori ba, to kwanciya kusa da Dauda ma ba za ta amfane ta da komai ba. Ta zaɓa, sannan ta zauna da zafin zaɓin har ya cinye ta. A da ina zaton mai bangaskiya shi ne wanda ba ya tambaya. Yanzu na san akwai wanda ya gaskata, ya ba da duk abin da yake da shi a kan haka, kuma duk da haka yana bukatar ƙaramar yarinya ta maimaita masa kafin ya rufe ido.

Na koma wurin sau ɗaya bayan na tsufa. Kanyar ta daɗe da ruɓewa, masunta na ta jefa taru, na tambayi wani ko ya san inda ƙauyenmu yake, ya nuna mini tsakiyar ruwa da haɓa, bai ma tabbata ba. Sabon gidan namu kuma an sayar, an yi gini har kan inda muka sa Kaka. Ba ni da inda zan share ko da ina so. Akwai ranakun da nake gaskata tatsuniyar nan sarai, akwai ranakun da nake jin kamar kaina na cikin ruwa ana magana daga tudu. Duk da haka ina ba jikokina ita, su da ba su san gulbi ba, ba su san kuturta ba. Sukan tambaye ni me ya sa a tawa tatsuniyar matafiyin mutum biyu yake kira, alhali manomi ɗaya aka ba Ƙasa ajiya. Nakan ce musu su yi shiru su saurara. Sai in ce ya kira Dauda, ya amsa. Sannan ya juya wajen tudu ya kira Hannatu.